Wa Muke Yi Wa Kirari A Cikin 'Ya'yanmu?

Jama'a masu sauraro, musamman mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun, da na garuruwan da ke kewaye da su tun daga Jangebe har Faru, da duk wanda muryar nan ta iske a gona ko a rumfar kasuwa ko a tsakar gida. Sharhinmu na yau a kan yabo ne, da yadda muke raba shi a tsakanin 'ya'yanmu.

Ƙasar nan tamu ba a koya mata yabo. A ƙasar Bakura aka haifi Alhaji Musa Ɗankwairo, ya yi zamansa na kiɗa a fadar Sarkin Ƙayan Maradun, kuma ko da ya rasu a 1991, har gobe muryarsa na tashi a gidajen rediyo. Shi ma makaɗi Sa'idu Faru ɗan ƙasar Maradun ne. Ɗan Anace kuwa ya ɗauki ɗan dambe guda, Shago, ya ɗora shi inda mantuwa ba ta kaiwa, har yaron da aka haifa jiya ya san sunan Shago da labarin karonsa da Ɗandunawa alhali bai taɓa ganin ko hotonsu ba. Mun gaji wannan, mun san cewa yabon gwani ya zama dole, mun kuma san abin da kirari ke yi wa zuciyar namiji. Abin da nake so mu duba shi ne, a cikin yaran da ke tasowa a gidajenmu, wa wannan kirarin yake samu, wa kuma yake tsallakewa.

Ku tuna ranar wasan ƙarshe na kofin ƙwallo a kowane gari cikin garuruwan nan uku. Tun bayan azahar an zuba farar toka an ja layi a filin makarantar firamare. An kafa rumfa, an jera kujerun roba na manyan baƙi, an ɗauko lasifika da janareto. Masu rake da masu ƙosai sun kama wuri, yara sun hau katanga da rassan darbejiya. Mai gabatarwa na kiran 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya da laƙabinsu, wannan Messi, wancan Ronaldo. Idan aka tashi, a ɗauki wanda ya ci ƙwallon nasara a kafaɗa, a ɗora kofi a kan babur a zaga gari ana busa ham har bayan magariba. Washegari mahaifin yaron ba zai sha shayi da kuɗinsa ba. Kowa na ce masa, "Alhaji, jiya ɗanka ya fitar da mu kunya."

A cikin wani aji na makarantar da aka yi wasan a filinta, makonni kaɗan bayan haka, ana raba sakamakon jarrabawa. Babu rumfa, babu lasifika. Ƙanwar wancan yaron ta zo ta ɗaya a lissafi da kimiyya. Ta naɗe takardar gida huɗu, ta soke ta cikin jakar littattafai don kada zufa ta ɓata ta, ta iske mahaifinta a kan tabarma a zaure, ta durƙusa ta ce, "Baba, ga sakamakonmu an ba mu." Ya karɓa, ya juya takardar, ya ce, "To, madalla. Kai wa innarki ta ajiye." Ko ta nawa ta zo bai tambaya ba. Uban nan ba mugu ba ne, yana son 'yarsa, shi ya sayi littafin da takalmin. Amma yarinyar ta ga abin da aka yi wa yayanta, ta ga abin da aka yi mata, kuma ba ta buƙatar kowa ya fassara mata bambancin.

Kada a ɗauka wannan halin ƙauye ne. A watan Yulin 2025 ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta mata ta Nijeriya, Super Falcons, ta doke Maroko da ci 3 da 2 a birnin Rabat ta ɗauki kofin Afirka karo na 10. Shugaban ƙasa ya sanar da ba kowace 'yar wasa kuɗin da ya kai dala 100,000, da gida, da lambar girmamawa ta ƙasa. Bayan 'yan kwanaki aka yi wa 'yan ƙwallon kwando mata irin wannan kyauta. A daidai wannan lokaci wata ɗaliba 'yar shekara 17 daga Jihar Yobe, Nafisa Abdullahi, ta zo ta ɗaya a gasar harshen Ingilishi ta TeenEagle a birnin Landan. Abin da gwamnatin tarayya ta miƙa mata shi ne naira 200,000. An yi ta ce-ce-ku-ce a kai, Farfesa Isa Ali Pantami na cikin waɗanda suka fito suka ce a yi mata irin abin da aka yi wa 'yan ƙwallo. Ni ban ga laifin abin da aka ba 'yan wasa ba, sun yi gumi sun ɗaga tutar ƙasa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne miliyoyin yaran da suka ji labaran nan biyu, suka auna, suka gane wanne ƙasarsu ta fi ɗauka da daraja. Kuma kafin mu nuna Abuja da yatsa, ma'aunin da aka yi aiki da shi can shi ne wanda muke aiki da shi a zaurukanmu.

Tun da mu Musulmi ne, bari mu kai maganar inda ya kamata a yanke ta.

Da farko dai addininmu bai raina ƙarfin jiki ba, kuma duk malamin da ya nuna wa yara cewa motsa jiki shashanci ne bai yi wa sunna adalci ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha. Ya yi kokawa da Rukana, gwanin kokawar Ƙuraishawa, ya kayar da shi. Ya shirya sukuwar dawaki a Madina, ya kwaɗaitar da koyon harbi, ya kuma sanar da mu cewa mumini mai ƙarfi ya fi soyuwa ga Allah a kan mai rauni, ko da yake kowannensu akwai alheri a tare da shi. Saurayin da ke tashi da asuba ya yi sallah ya fita atisaye ya fi wanda ke kwance a lungu da kwalbar maganin tari nesa ba kusa ba. A wannan zamani da ƙwaya ke cin samarinmu, filin ƙwallo ya ceci yara da yawa, kuma masu horar da su kyauta don Allah sun cancanci addu'a.

Amma ku dubi yadda Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, yake raba yabo a tsakanin sahabbansa. Ranar da Salamatu ɗan Akwa'u, wanda ya shahara da gudu, ya bi ɓarayin raƙuma a ƙasa shi kaɗai har ya ƙwato su, Annabi ya yabe shi a gaban jama'a a matsayin gwanin dakarun ƙasa na wannan rana, ya yabi Abu Ƙatada a matsayin gwanin mahaya. Wannan bakin mai albarka kuma shi ne ya ambaci Ubayyu ɗan Ka'abu da fifiko a karatun Alƙur'ani, ya ambaci Mu'azu ɗan Jabal da sanin halal da haram, ya ambaci Zaidu ɗan Sabit da sanin rabon gado. Kowa da sunansa, kowa da fanninsa, kuma a bainar jama'a. Mai gudu ya ji nasa, mai lissafi ya ji nasa, babu wanda aka ce ya kai takardarsa ɗaki a ajiye.

Zaidun nan ya cancanci mu ɗan tsaya a kansa, domin yaro ne lokacin da aka kai shi gaban Annabi a Madina, aka ce ga wani yaro ya haddace surori masu yawa. Annabi ya saurare shi, ya ga kaifin ƙwaƙwalwarsa, sai ya ba shi aiki: ya je ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana rubuta amsa. Cikin kimanin rabin wata ya iya. Wannan yaron shi ne ya zama marubucin wahayi, shi ne kuma Sayyidina Abubakar ya ɗora wa nauyin tattara Alƙur'ani wuri guda. Harshen wasu mutane ya koya, ba nasa ba, da umarnin Annabi. Duk Mus'hafin da ke gidajenmu yau akwai hannun yaron da babba ya lura da basirarsa tun da wuri, ya nuna masa cewa an gani. Bayan yaƙin Badar ma, fursunonin da suka iya rubutu kuma ba su da abin fansa, an ce kowannensu ya koya wa yaran Madina goma rubutu ya tafi. Mushirikai ne malaman, kuma abin da suka koyar rubutu ne zalla, amma an ɗauke shi daidai da dukiyar fansar wuya.

A cikin Suratul Baƙara akwai labarin Ɗalutu, wanda Banu Isra'ila suka raina don ba shi da dukiya. Aka ba su hujja biyu ta zaɓensa, yalwar ilimi da yalwar jiki, kuma ilimin aka fara ambata. Ba na jin akwai mizanin da ya fi wannan dacewa da maganarmu ta yau. Biyun ake so, amma akwai na gaba.

Wani zai ce, ai duk wannan ilimin addini ake nufi, kuma mu ba mu gaza a nan ba. Gaskiya ne ba mu gaza ba, kuma abin godiya ne. Idan yaro ya sauke Alƙur'ani ana yanka rago, a ɗinka masa sababbin kaya, a yi walima, dangi su zo daga nesa. Musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara a 1986, ta nuna mana abin da karramawa ke haifarwa. Tun daga matakin ƙaramar hukuma ake tace yara, a ba gwanaye kyaututtuka har da motoci da kujerun Makka, a naɗa musu rawani a gaban sarakuna. Sakamakon kuwa kowa ya gani: yau da wuya ka shiga unguwa ba ka sami mahaddaci ko mahaddaciya ba, har da tajwidi mai kyau. Yaro kamar ruwan madatsar Bakolori yake, inda aka buɗe masa kwalbati nan yake bi. Mun buɗe wa hadda hanya ta gudana, mun buɗe wa ƙwallo ta gudana. Ajin lissafi da na kimiyya ne muka bari a toshe, muna ganin kamar ba ruwan addini da su.

Alhali malamanmu ba haka suka ce ba. Imam Gazali, a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya lissafa likitanci da lissafi a cikin farillan da idan babu mai yin su a gari, duk garin ya shiga laifi. Rabon gado da fitar da zakka ba sa yiwuwa sai da lissafi, kuma wani babban kaso na littafin da Alkawarizmi ya kafa ilimin aljabara da shi a Bagadaza matsalolin gado da wasiyya ne. Ko a nan gida, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana karantarwa a ƙasar Zamfara kafin jihadi, ya kuma yi kakkausan suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya hau doki ya ja daga, ya kuma zauna ya rubuta littattafai a kan magani. Bature Clapperton, wanda ya rasu a Sakkwato a 1827, ya ba da labarin cewa ya iske Bello na nazarin littafin lissafin Iƙlidis na Larabci. Sarkin Musulmi ne, da yaƙi da mulki a wuyansa, yana duba layi da kusurwa. Waɗannan su ne magabatan da muke tinƙaho da su.

Farillar nan ta likitanci da lissafi kuwa mun ɗanɗani kuɗar barinta. Madatsar Bakolori da ke shayar da shinkafarmu, kamfanin Italiya ne, Impresit, ya gina ta aka kammala a 1978. A 2010 da gubar dalma ta ɓarke a ƙasashen Anka da Bukkuyum ta kashe yara fiye da 400, sai da likitocin ƙungiyar MSF suka shigo ƙauyukan aka gano abin da ke kashe su. Kowane magidanci a cikinmu yana so idan ya kai iyalinsa asibiti mace ce za ta duba ta. To daga wane gida wannan likitar za ta fito, idan ba daga irin gidan da aka ce wa yarinya ta kai wa innarta takarda ta ajiye ba?

Wannan ya kawo ni ga abin da na fi jin nauyinsa a duk maganar, wato adalci tsakanin 'ya'ya. Sahabi Bashir ya yi wa ɗansa Nu'umanu kyauta ta musamman, mahaifiyar yaron ta ce sai an kafa Manzon Allah shaida. Da suka je, Annabi ya tambaye shi ko sauran 'ya'yansa ma ya yi musu irin wannan. Ya ce a'a. Annabi ya ƙi zama shaida, ya umarce shi da tsoron Allah da daidaita 'ya'yansa, Bashir ya koma ya janye kyautar. An ruwaito cewa magabata suna son daidaita 'ya'yansu har a wajen sumbata. Idan har sumba ta shiga lissafi, to sakin fuska ma ya shiga, zuwa kallo ya shiga, ambaton yaro da alfahari a majalisa ya shiga. Uban da ya rufe shago ya tafi fili ya tsaya awa biyu a rana don ɗansa guda, amma shekara shida ƙafarsa ba ta taka makarantar ɗayan ba, ya yi kyautar da bai daidaita ba, ko da bai kashe ko kwabo ba. Kuma mun san daga labarin Annabi Yusuf abin da ke tsirowa a zukatan 'yan'uwa idan suka ga kamar fuskar uba ta karkata gefe guda.

Abin ya fi tsanani a kan 'ya'ya mata. A garuruwanmu yarinya ba ta buga ƙwallo a fili, ba ta dambe, ba ta kokawa, ba ta langa a dandali. Fagenta aji ne da Islamiyya. Idan duk tafin gari a fili yake, to mun shirya rabon da rabin 'ya'yanmu ba su da kaso a ciki tun kafin a fara.

Bari in ambaci wasu alƙaluma, ba don tonon silili ba. A 2013, makin da aka yanka wa ɗan Jihar Anambara don shiga makarantun sakandaren gwamnatin tarayya 139 ne. Na ɗan Zamfara namiji 4, na mace 2. A 2018, ana dab da jarrabawar shiga waɗannan makarantu, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta koka cewa yara 28 kacal aka yi wa rajista daga duk faɗin jihar, alhali ga kwalejin tarayya a Anka, ga ta 'yan mata a Gusau. A 2022 hukumar WAEC ta sanar cewa Zamfara da Sakkwato ba su gabatar da ɗaliban makarantun gwamnati ba. An kuma yi shekaru sakamakon yaranmu na riƙe a hannun hukumomin jarrabawa saboda bashi, yaro ya gama sakandare ya zauna gida ba takarda, har sai da aka biya aka saki. A ƙarshen 2023 gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Laifin hukuma a cikin wannan tarihi babba ne, ba na rage shi. Amma mu mutanen garuruwan nan uku ba mu da bakin cewa an mayar da mu saniyar ware. Daga 1999 zuwa 2023, in ban da shekara huɗu, daga cikinmu gwamna yake fitowa: Ahmad Sani daga Bakura, Abdul'aziz Yari daga Talata Mafara, Bello Matawalle daga Maradun. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara take, jami'ar jiha a nan aka kafa ta, kwalejin aikin gona tana Bakura. Shugaba yakan kai kuɗi inda ya ga idon jama'arsa yake. Da a ce kofin ƙwallo aka riƙe shekara guda ba a ba waɗanda suka ci ba, da gari ya ɗauka. Sakamakon jarrabawa ya yi shekaru a riƙe, hayaniyar da aka yi ba ta kai ta bugun fanareti guda ba. Af, shi Abdu Gusau ɗin da kwalejin ke ɗauke da sunansa injiniya ne. Ku tambayi samarin da ke wucewa ta ƙofarta kullum ko sun sani, sannan ku tambaye su 'yan wasan Real Madrid.

Sai kuma 2021, shekarar da babu ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin nan uku da ta tsira. Daren 26 ga Fabrairu 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Jangebe suka kora ɗalibai 279 cikin daji, wasu ko takalmi babu. A watan Agusta suka faɗa wa kwalejin aikin gona ta Bakura, suka kashe ɗan sanda da masu gadi, suka tafi da ɗalibai 15 da wasu ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba suka kwashi fiye da ɗalibai 70 a makarantar jeka-ka-dawo ta Ƙaya a ƙasar Maradun. Aka rufe makarantu, aka katse layukan waya. Bayan duk wannan, akwai yaran da suka sake ɗaukar jaka suka koma aji, akwai iyayen da suka danne tsoro suka bar su, akwai malaman da suka koma gaban allo da albashin da bai kai su tsakiyar wata. Muna kiran ɗan dambe namijin duniya don ya shiga fage ya san za a iya kai shi ƙasa, kuma ya cancanta. Yarinyar da ta san abin da ya faru a Jangebe, ta kwana da shi a ranta, ta wayi gari ta sa hijabi ta kama hanyar makaranta, har ta zo ta ɗaya, ban san sunan da ya dace da ita ba in ba jaruma ba. Raina yana ɓaci idan na tuna cewa irin wannan yarinya ba ta taɓa jin an kira sunanta a lasifika ba.

Akwai hatsari guda da ya kamata mu kauce masa. Idan muka mayar da yabon a kan takarda kawai, muka ce mu dai a kawo kiredit tara ko ta wace hanya, to mun buɗe ƙofar satar amsa, kuma ta riga ta buɗe. Akwai iyayen da ke biyan kuɗi a kai 'ya'yansu cibiyoyin da ake rubuta musu amsa a allo. Wannan algus ne, kuma Annabi ya barranta daga mai algus. Likitan da ya fito ta wannan hanya rai zai kashe. Abin da ake karramawa shi ne ƙoƙari na gaskiya, shi ya sa wanda ya tashi daga na arba'in ya dawo na ashirin yana da haƙƙin a ambace shi, wani lokaci ma fiye da wanda ya saba zuwa na ɗaya. Masu horar da 'yan ƙwallo sun fi mu gane wannan, suna lura da yaron da ƙafarsa ta hagu ta fara kyau, su faɗa masa nan take.

Su kansu 'yan ƙwallon, gatan da za mu yi musu shi ne mu riƙe su a aji. Arewa ta fitar da Ahmed Musa, wanda ya ci Ajantina biyu a gasar duniya ta 2014 ya ci Aisland biyu a ta 2018. Sakkwato ta fitar da Shehu Abdullahi, wanda ya dawo da tagulla daga wasannin Olamfik na 2016. Amma kowa ya ƙirga a ransa, cikin dubban yaran da suka buga ƙwallo a filayen Mafara da Bakura da Maradun, nawa ne ƙwallon ta ciyar da su har girma? Gwiwa ɗaya ce ke gocewa, magana ta ƙare. Wanda ma ya dace, takardar kwantiragi za a miƙo masa, ko ya karanta da kansa ko a karanta masa yadda aka ga dama.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Uba, idan aka kawo maka sakamako, ka ajiye abin da ke hannunka ka buɗe. In ba ka karanta boko, ka ce wa yaron ya zauna ya karanta maka da bakinsa, darasi bayan darasi, ka tambaye shi wanne ya fi ba shi wuya, ka sa masa albarka da sunansa a gaban 'yan'uwansa. Ka taka zuwa makarantar ko sau ɗaya a zango, ka gaisa da malamin, ka ce masa, "Malam, Allah ya saka da alheri, yaya yaron nan yake?" Malamai da yawa sun yi shekaru ba su ji wannan daga bakin uba ba. Limamanmu na Juma'a, da ke sanar da ɗaurin aure da jana'iza, babu abin da zai hana su a ƙarshen zango su ambaci yaran unguwa da suka yi fice, na allo da na boko, a yi musu addu'a sahu guda. Fadojin Sarkin Mafara da Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Ƙayan Maradun kuwa, yaron da aka kira can aka shafa kansa ba zai manta ba har tsufansa.

Masu sa kofi, 'yan siyasa da 'yan kasuwa, ku ci gaba da sawa, Allah ya ƙara buɗi. Ƙari ɗaya nake nema. Kun riga kun kafa rumfa, kun ɗauko lasifika, kun tara gari. Idan aka tafi hutun rabin lokaci, minti goma sha biyar ne fili yake zama ba kowa. A cikin wannan lokaci a kira ɗalibai goma daga makarantun garin, maza biyar mata biyar, tare da iyayensu da malaman da suka koyar da su, mai gabatarwa ya kira su da irin muryar da yake kiran 'yan wasa, a ba su kyautar da ba ta gaza ta gwarzon ɗan wasa ba. Zaɓen yaran a bar shi a hannun shugabannin makarantu da malaman aji, bisa aikin da yaro ya yi a gabansu tsawon shekara, kada ya bi ta hannun masu rabon kujerun siyasa, kuma a tabbata makarantun ƙauye sun sami gurbi, ba na cikin gari kaɗai ba.